Kuɓewa a Bokitin Fenti

Baba, kuɓewar da ka shuka a bokitin fenti
ta yi fure jiya,
nan bayan ɗakina a Badawa,
tsakanin janareta da igiyar shanya,
inda ka ce ko akuya ba za ta yarda ta kwana ba.

Wata huɗu ka yi a birnin nan, ba da son ranka ba.
Likita ya ce hutu,
ka ce masa, "Ɗana, ciyawa ba ta jin Turanci."

Da asuba, in ladanin layinmu ya ɗaga murya,
sai in ji kana laluben takalmi cikin duhu.
Ka manta ƙarfen ƙafar motar nan
yana can rataye a jikin ɗorawa, bayan Sumaila.
Shekara talatin da ɗaya kai ke buga shi,
mata su fito da fitila, yara na murza ido,
majami'ar laka ta cika kafin raɓa ta bushe.

Dogara ɗan Tambaya,
mai tafin hannu kamar bayan kuka.
Da gemu ka koyi baƙi,
kana bin Zabura da yatsa, layi bayan layi,
kamar mai duba kunya bayan shuka.
Littafinka a naɗe cikin buhun taki.
Na buɗe shi ranar Talata,
ƙwayar gero biyu ta faɗo daga cikin Ishaya.

Damin farko ba ya shiga rumbunmu.
A ka kake ɗaukarsa ranar godiyar kaka,
Inna Rifkatu na bayanka da ƙwaryar wake,
mu kuma muna ƙunƙuni ƙasa-ƙasa,
don mun san shi ne ya fi tsaba.

Shekarar da Malam Zubairu ya karye a ƙafa,
kai ka kira gayya.
Aka nome masa har maimai
kafin ka taɓa taka gonar.
Wani ya ce, ai ba hanyarku ɗaya ba.
Ka ce, "Iyakar gonarmu ɗaya ce,
ruwan da ya jiƙa ni shi ya jiƙa shi."

Ban manta Ɗanfari ba, bijimin huɗa.
Ka sayar da shi don kuɗin makarantata,
ka dawo da igiya kaɗai a kafaɗa,
ba ka ci tuwo ba daren nan.
Damina uku kana huɗa da garma,
bayanka ya lanƙwashe, ni na miƙe.
Ban taɓa ce maka na gode ba.
Kunya ce, Baba, irin tamu.

Lahadin da na kai ka cocinmu na Sabon Gari,
ka dubi fanka, ka dubi lasifika,
ka raɗa mini, "Wa ke share nan?"
Bayan sujada muka neme ka muka rasa,
ashe kana baya, kai da tsintsiya.

A asibiti, daren ƙarshe,
ba ka yi maganar gado ba.
Ka ce tiya biyu ta dawa tana kanka, ta gwauruwar Bitrus,
a kai mata.
Ka tambaya ko ruwa ya sauka a gida.
Na ce ya sauka.
Ƙarya na yi.
Sai da muka rufe ka da kwana uku ya zo,
Malam Zubairu na zaune bakin zaure, bai tashi ba,
har rigarsa ta jiƙe.

Yanzu in na bi ta Dawanau,
buhuna jibge har sama,
ba wanda ke ɗauke da sunan mai gumin.
Nakan tsoma hannu cikin gero, kamar mai saye.

An kai dawar, Baba.
Jikanka Yakubu ne ke ba kuɓewar ruwa,
da kofin shayinka.
Ya ce in ta yi 'ya'ya kada a yi miya,
a bar ta ta bushe.
Iri ne.