Sukuru Na Huɗu

A ƙarƙashin gadar Obalende rumfata take,
inda iskar teku ke lasar ƙarfe har ya yi ja.
Nan Baba Jatau ya dire mini mota a kan benci,
tsawonta bai wuce takalmina ba,
eriya a karye, taya ɗaya ta tsage.

Ya ce lokacin da yake gadi a Ikoyi
ɗan maigida ya jefa ta kwandon shara,
shi kuwa ya tsince ta don Tanimu.
Yau gemun Tanimu ya fara furfura.
"To, a gyara wa ɗansa."

Na kifa ta kamar kunkuru.
Sukuru huɗu, kowanne ya sha tsatsa ya ƙoshi.
Na farko ya yi ƙara ya fito.
Na biyu sai da na ɗiga masa kananzir,
na je na sha shayi na dawo.
Na uku ya ji kunya, ya bi 'yan'uwansa.

Na huɗu fa?
Ɗan haya ne a Ikko,
ba ya tashi sai an ba shi notis.

Na danna sukudireba, ta zame,
ta cinye tsagar kansa, ta bar mini rami.
Na shimfiɗa masa roba, ya huda ta.
Filaya ta rasa wurin cizo.
Na so in kunna masa wuta,
amma jikin motar roba ne, ba ya jin wasa,
sai na ɗora masa bakin ƙarfen soda
na ƙirga ashirin ina hura hanci.

Oga Lasisi da ya koya mini aiki yakan ce,
mai fushi da ƙarfe shi ke sayen sabo,
kuma abin da ya daɗe a ɗaure
ƙara masa ɗauri kaɗan kafin ka kwance.

Kwana uku yana jiƙe da man keken ɗinki.
Kullum Baba Jatau na zuwa, ba ya tambaya,
ya zauna ya ɓare gyaɗa ya tafi.

Ran Alhamis na yanka masa sabuwar tsaga da magagari,
na ƙwanƙwasa sau uku, kamar mai tashin maƙwabci da asuba,
na murɗa dama, ƙiris,
sannan hagu.
Ƙis.
Ya fito yana zubar da jan gari,
siriri, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

A ciki batir ya yi aman farin gishiri,
ga yashin bakin teku, ga fiffiken kyankyaso.
Na goge, na haɗa waya, na sa sabon batir.

Gosulo ya tsai da komai a titi.
Motar ta ratsa tsakanin tayoyin danfo,
ita kaɗai ke tafiya a Obalende,
kwandastoci na ihu suna nuna ta.
Jikan ya miƙo hannu, ya sake miƙowa.
Baba Jatau bai ko gan shi ba,
rimot na hannunsa, harshe a waje,
yana koyon kwana.