Bayan Duka

A fadamar Gulma, bayan an yanke shinkafa,
ƙasa ta tsattsage kamar diddigen manomi.
Nan Kawu Arzika ya kifa gwangwani a kan gora,
taku ɗari da ashirin daga inda nake tsaye.

Sandar golf ɗaya gare mu, mai lamba bakwai,
mariƙinta ya cinye, an naɗe shi da robar tayar keke.
Shekara goma sha tara yana saɓa jakar manya a Kaduna,
da ya dawo gida ga abin da ya kawo:
sanda, ƙwallo goma sha ɗaya a cikin safa,
da ciwon kafaɗa mai riga ladan tashinsa.

Na ɗaga, na sauko, na maka.
Ƙwallo ta yi tsallen kwaɗo sau uku,
ta lafe a tushiyar shinkafa.

Ya ce, "Kai Hantsi, kunama ka gani?
Kana taɓa ta sai ka ja birki,
kamar wanda ya yi sallama ya ƙi shiga.
Ka taɓa ganin masunci ya jefa birgi
ya maƙale hannu a ƙirji?
Ragar ta bar shi, amma hannunsa na bin ta
har ta buɗe a kan ruwa."

Ya ƙwace sandar, ya miƙo mini bokiti.
"Watsa ruwan nan can, kada ɗigo ya taɓa ƙafarka."
Na watsa. Ƙuguna ya juya ban sa shi ba,
nauyina ya koma ƙafar hagu,
diddigen dama ya bar ƙasa, ɗan yatsa kaɗai ke tsaye.
"To ka gani. Jikinka ya sani, kai ne ba ka sani ba."

Kwana tara ba ƙwallo.
Iska nake duka, awaki na kallo.
Haɓa ƙasa, har kafaɗar dama ta zo ta ɗaga ta da kanta.
Cibiya ta fuskanci gwangwani.
Hannuwa su ƙare sama, bayan kunnen hagu,
sanda ta kwanta a ƙeya kamar ta makiyayi.
Sannan a tsaya cak.
Ya ƙirga uku, ƙirgen tsoho mai jan rai,
in na yi tangaɗi ya koma ɗaya.

Ni mai gyaran injin ban-ruwa ne.
Na san ƙarar injin da ke mutuwa a tsakiyar aiki.
Ɗakin da na fara ginawa ya tsaya a linta damina huɗu,
akwai maganar da na ɗauko wa mahaifina a gadon asibiti,
na kawo ta har baki, na haɗiye.
Kawu bai san da wannan ba,
shi diddigena yake kallo.

Ran na goma, da la'asar sakaliya,
ya zaro ɗaya daga safa, ya ɗora a kan ɗan tudun ƙasa.
Ban nufe ta ba, na bi ta kanta na wuce.
Wata ƙara ƙas, siririya, ko a hannu ban ji ba.
Na tsinci kaina a tsaye, ƙirji waje,
sanda a ƙeya, ƙafa ɗaya ɗauke da ni duka,
farin ɗigo yana hawa, yana hawa,
ya tsallake gora da gwangwani,
ya tayar da balbelu biyu a bakin ruwa.

Kawu bai ƙirga ba.
Ni ma ban sauke hannu ba.

Mun neme ta har aka kira magariba,
laka ta riƙe abinta.
Ya ƙulle bakin safa a kan goma,
yana tsaki, yana dariya,
ya ce gobe in zo da kuɗin ƙwallonsa.