Takwas Take Nema

A Garwa, bayan tashar motocin Yalwa,
akwai rumfar kwano mai warin dalma da ƙonanniyar roba.
Nan Hamajoda ke zama, tabarau ɗaure da zare.
Nan na kai amfilifayar kawuna a bayan babur,
rungume a ƙirji kamar yaro mai zazzaɓi.

Daren jiya ne, wajen biki a bakin Binuwai.
Sifikarmu ta yage tun la'asar,
na aro ta wani mai tallar magani,
ƙatuwa, baƙa. Na ce ai girma shi ne ƙarfi.
Da na taɓa jita, sai murya ta fito siririya,
tana tsawa ba ƙugu,
miya ce da aka tsuga wa ruwa don baƙi sun yi yawa.
Na ƙara murɗa maɓalli.
Can ƙafar wata mai rawa ta fizge waya.
Shiru. Ni kuwa ina ta kaɗawa,
ina zagin lantarki,
har hanci ya gaya mini abin da kunne ya ɓoye.

Hamajoda bai dube ni ba.
Ya kwance bayanta, kwalabe huɗu a tsaye kamar fitilun ƙwai,
ya shinshina taransifoma, ya ce: an yi jana'iza.
Ya goge ƙura da babban yatsa, lamba ta bayyana.
Karanta, in ji shi.
Na ce: takwas.
Ta mai maganin fa?
Na ce ban duba ba.
Ya ce: sha shida ce, na san ta, ni na liƙe ta bara.

Om ake ce masa, ɗan nan.
Nauyi ne wanda ba a ɗora wa sikeli.
Ka ga masu kwalekwale can ƙasan gada?
Ruwa ne ke riƙe filafili, shi ya sa jirgi ke tafiya.
Mai kwalba irin wannan, takwas take nema.
Ba ta sha shida, ta yi ta dukan abin da bai kama hannunta ba,
ba ta huɗu, kwalabe su yi ja, murya ta dusashe.
Ka bar ta ba komai kuwa,
ɗan dambe ne ya kai naushi ga iska da dukan ƙarfinsa:
kafaɗarsa ce za ta biya.

Kwana shida yana naɗa tagulla,
siririya kamar gashin wutsiyar doki,
yana ƙirga da Fulatanci, in ya ɓata ya tsine da Hausa.
Ni ke kawo shayi.

Ran na bakwai ya jawo sifiku biyu daga ƙarƙashin benci,
kowace sha shida.
Ɗaura su a jere, in ji shi, wutsiya da hanci kamar raƙuman ayari,
talatin da biyu ke nan, ka sake kashe ta.
Ajiye su kafaɗa da kafaɗa, su raba kaya,
sai su koma takwas.
Na ce: yaya ƙari zai zama ragi?
Ya ce: je ka tambayi mata biyu masu ɗaukar tulu ɗaya.

Ya ɗora mita, allura ta tsaya shida da ɗoriya.
Na ce ba ta cika ba!
Ya yi dariya har tabarau ya zame.
Tana barci muke auna ta.
In ta farka tana waƙa,
nauyinta na hawa da sauka tare da murya,
takwas ɗin suna ne kawai da aka raɗa mata.

Muka jira kwalabe su yi ɗumi.
Na taɓa tsirkiya ta ƙasa, mai kauri.
Kwanon rufi ya amsa.
Kofin shayi ya matsa kaɗan a kan benci.
Muryar kawuna ce, wadda na sani tun ina leƙe ta taga,
mai ƙugu, mai ɗan kaushi a baki.

Jaka goma sha biyu na sefa ya ce.
Na ba shi bakwai.
Ya ɗauki alli ya rubuta takwas, ƙatuwa, a gefen akwatin,
sannan a jikin ƙofa, ƙarami,
biyar, da sunana.