Ruwan Ƙarfe Biyu

A Garin Malam famfo ba ya magana da rana.
Sai dare ya raba, ƙarfe biyu ko ta gota,
ka ji ya yi tari, ya yi kaki, ya soma ɗiga.
Habsu ta zame daga sange kamar ɓarauniya,
bido huɗu, bokiti biyu,
ta bar mini Zuwaira.

Watanta bakwai. Haƙora biyu na ƙasa
suna ta ƙwanƙwasa dasashi,
ba su shigo ba, ba su koma ba.
Ƙyauren langa-langa ya yi ƙara, ido ya buɗe,
baki ya biyo baya.

Da fari ban iya ba.
Na kunna tocila, na kaɗa mata makullai,
na yi kukan akuya, na yi na zakara.
Ta yi dariya, na ce na ci nasara.
Haka muka kai asalatu, ni da ita, ido biyu.
Da hantsi a rumfar dukanci
basilla ta bar fata ta samu yatsana.

Ya Kaltum ce ta leƙo ta kan katanga,
tulu a kai, ba ta ko sauke ba:
"Malam Ilu, kai ka koya mata dare kasuwa ne.
Wanda ya ga haske da wasa, me zai kai shi kwana?
Kashe wutar. Rage muryar.
Ka zama mutum marar daɗin hira."

Na zama.

Yanzu in ta motsa ba na gaggawar ɗauka,
tafina kawai a bayanta, in jira.
Wani lokaci kukan na cikin mafarki ne,
ya zo ya wuce bai tashe ta ba.
In ya ƙi, in yafa zanen uwarta a kafaɗa,
mai ƙanshin nono da hayaƙin murhu,
in wanke yatsa in murza mata dasashi,
ta cije ni da duk ƙarfin da Allah ya ba ta.

Bazara ce, kuran ya ɗauke tun magariba.
Duwatsun garin nan sun sha rana sun ƙoshi,
cikin dare suke amayar da ita.
Tsumma mai sanyi a wuya, a hammata,
sa'an nan taku bakwai zuwa randa, bakwai in dawo.
A tsakar gida ruwa na zuba cikin bido,
muryarsa kauri da fari,
tana sirancewa yayin da yake cika.
Da ita nake auna bugun hannuna.
Bido na biyu, hamma.
Na uku, kai ya yi nauyi.
In kwantar da ita da sauran rabin ido,
don ta san inda barci ya same ta,
kada ta farka ta ga an sauya mata duniya.

Ba kullum ake dacewa ba.
Daren da aka yi mata lamba, ba ta san ni ba.
Daren da muka dawo suna daga Mirriya
ɗakinmu ma baƙo ya zame mata.
Ran da jiki ya yi zafi ban yi wata dabara ba,
gari na wayewa muka nufi likita.
Ga kuma Nafi'u, ɗan shekara uku,
ya tashi yana rantsuwa rago ya shigo sange.
Hannu ɗaya nata, ɗaya nasa,
ni a tsakiya kamar sikeli.

Habsu ta dawo, bakin zane jiƙe,
ta tambaya da gira: ta yi?
Na amsa da gira.

Ran Alhamis haƙoran suka fito,
farare, ƙanana, kamar tsabar shinkafa biyu.
Na faɗa wa malamar awo ina ta murna.
Ba ta ɗago daga takardarta ba, ta ce:
"Barka. Saura goma sha takwas."