Mai Riƙe da Totur

A Viareggio, in an rufe gareji,
nakan zauna kan tsohon durom ɗin mai
in saurari teku yana tauna duwatsun gaɓa.
Kunnena na hagu ya mutu tun ina ɗan talatin,
injuna biyu suka cinye shi,
amma har yau a cikinsa nake jin muryar Ermete.

Ermete Lenzoni, ƙato mai wuyan bijimi,
ba ya shiga ƙofa sai ya karkata kafaɗa.
Shi ke da sitiyari, ni ke da totur,
a tsaye muke tafiya, gwiwa na shan duka,
daga nan zuwa Bastia, mu juyo.
In jirgi ya tashi sama in rage wuta,
in ya faɗo in mayar,
sau dubu kafin rana ta raba.
Na yi jinkirin ƙiftawar ido, farfela ta yi kururuwa,
injin ya amayar da hanjinsa.

A wannan gudu teku ba ruwa ba ne.
Daɓe ne, dutse ne mai numfashi.
Wata rana igiya ta mare mu daura da Gorgona,
haƙoransa biyu suka zube tsakanin ƙafafunmu.
Ya tofar da jini, ya dube ni, ya bushe da dariya:
"Kar ka kuskura ka rage, Duilio,
dama romo nake marmari yau da dare."

Sai Gualtiero Pucci,
ɗan tsamurmuri, barkono ba a raina ka,
mai taba a baki ko da kusa da tankin mai.
Sau uku teku ya haɗiye shi,
sau uku ya tofo shi, ya kasa tauna.
Shekara goma sha biyu ba sa ga maciji da Ermete
a kan farfela guda da ta ɓata daren jajibirin tsere.
In sun haɗu a ruwa sai kifi ya nemi maɓoya.

Ka san abin da ya kashe Ermete?
Tsani.
Ya hau tsinko zaitun a bayan gidan ƙanwarsa,
taki huɗu kacal daga ƙasa.
Wanda ya gagari hadarin Corsica,
ciyawa ta karɓe shi ba ko ƙara.

Ranar jana'iza Gualtiero ya shigo coci da sanda,
rungume da wani abu cikin tsohon bargo.
Ya ɗora kan akwatin, tagulla ta yi ƙyalli.
Ya ce, "Ga kayarka. Ko sau ɗaya ban ɗaura ta ba.
Tsoronka nake ji, shi ke nan."
Ya fita kafin a soma addu'a.

Yaran yanzu suna tsere cikin rufaffen ɗaki,
da bel, da tulun iska a gefe.
Ban ga laifinsu ba.
Mun binne mutum shida, ɗaya ma ba mu samu abin binnewa ba.

Matata ta ce in barci ya yi nisa
hannuna na dama yakan motsa kan bargo,
gaba, baya, gaba.
Ba ta tashina.
Ta ce ta san ba mu iso gaɓa ba tukuna.