Minti Ashirin da Biyar

A filin jirgin Pokhara na karanta wa kakana tikiti:
"Kathmandu, minti ashirin da biyar."
Ya ce in sake.
Na sake. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Sunmaya, wanda ya rubuta wannan
bai taɓa ɗaukar kaya ba."

Shi kwana tara ya sani.
Kwana tara, kwandon lemu a gadon baya,
igiya a goshi, tafin ƙafa duk faso.
Har yau akwai kwari a tsakar kansa
inda gashi ya ƙi tsirowa.

Yanzu yana ta rufe masa ido,
likitan kuwa yana can babban birni.
Na ba shi kujerar taga duk da haka.
Ya ƙanƙame bel kamar wanda aka ba ajiya.

Farfela ta juya, ƙasa ta sake mu.
Ya ce, "Ara mini idonki. Ina muke?"
Na ce ga tafki ya koma kamar faranti,
ga gonakin shinkafa hawa-hawa.
Ya ƙirga da yatsa: "Kwana ɗaya ke nan."
Kafin ya lanƙwasa na biyu
wani kogi ya gifta, siriri kamar zare.
"A nan Dil Kaji ya zame," in ji shi,
"ruwa ya ci lemun, ya bar mana mutum,
muka yi ta zaginsa don murna."

Ma'aikaciya ta zo da alewa a tire.
Na ɗauki biyu, na tsaya ɓare masa ɗaya,
takardar ta liƙe, na sa haƙori.

"Gadar igiya fa? Da rumfar shayi a gindinta?"
Na leƙa. Gajimare, sai duwatsu masu farin kai.
Na ce ina jin mun wuce.

Ya yi shiru, alewa a kunci.

"Kwana na huɗu ke nan," ya ce.
"Ƙaya ta shige mini dunduniya,
'yar mai shayi ta cire da allura,
tana faɗa wai ban iya tafiya ba.
Shekara hamsin da ɗaya tana faɗan nan.
Ke kuma kin wuce ta kina ɓare alewa."

Murya daga sama ta ce a shirya sauka.
Kilomita ɗari da arba'in da 'yan kai,
in ji takardar da ke aljihun kujera,
layi ɗaya miƙe, ba hawa, ba gangara,
ba inda mutum zai taka ƙaya.

Taya ta daki ƙasa.
Ya laluba hannuna, ya matse.
"Da akwai wannan abu a zamanina
da lemuna bai taɓa ruɓewa ba.
Da kuma ba ke."

A bakin ƙofa ya tsaya, ya tare wa mutane hanya,
yana shaƙar hayaƙin birni.
"Jiki ya iso," ya ce. "Saura ni.
Ki nemo mana wurin zama.

In an gyara idon,
a mota za mu koma.
Ko awa takwas ne, ko goma.
Ina da wanda zan gaisar a hanya."