Baƙaƙen Kawu Ɗalha

Ranar da kwamfutar ta iso Rafindaɗi
a bayan a-kori-kura, lulluɓe da bargo kamar mai masassara,
Kawu Ɗalha bai ci tuwo ba.
Shekara ashirin da biyu yana bugun tafireta a sakatariya,
yana bin kowace takarda da biro
yana yi wa baƙaƙe ƙugiya.
Ya ɗauka yau ya huta.

Aka kawo wuta bayan isha.
Ya buga sunansa.
Dalha, in ji allon.
Ya ce ƙaya, ta ɗora masa kaya.
Ya ce ɗaki, ta miƙo daki.
Ya dube ni ta saman tabarau:
"Baƙuwar nan baki gare ta, ba ta san baƙi ba."

Sati uku yana fama da wani faifai mai kusurwa huɗu
da abokinsa ya aiko daga Zariya,
har ya sallami haruffan da ke zaman banza a gidanmu.
Q ta tashi, ƙ ta zauna.
X ta ba ɗ tabarma.
V kuwa, da ranta ɓ ta gaje ta.
Da jan farcen Lantana da tsinken tsintsiya
ya zana su a kan maɓallan,
ita tana tsaki daga bakin murhu.

Ni ne ɗalibinsa na farko, kuma babu na biyu.
Ƙaramin yatsana na hagu ya koyi hawa bene
ya ɗauko ƙ ya sauko
ba tare da ido ya raka shi ba.

Wata Talata muka kai wasiƙar fansho
shagon buga takardu na Ƙofar Ƙwaya,
injin nasu bai san yarjejeniyarmu ba.
"Ina roqon haqqina. Ni ne Xalha."
Mai shago ya yi dariya har ya dafa bango.
Kawu ya karɓi biro ya sa hannu a haka.
"Bari su ma su ɗanɗana."

Fanshon bai fito ba sai bayan arba'in ɗinsa.

Allon yana cikin adakar Lantana,
janbakin ya koɗe, saura ɗigo a kan V.
Yanzu har wayar hannu ta san ƙugiya.
Amma jiya a ofis, ina rubuta ƙasa,
sai na ga yatsan ya haye benen nan shi kaɗai,
ya ƙwanƙwasa ƙofar Q.
Ban goge ba.